Murfin da Sallau Ya Haɗa

Sallau mai liƙin roba ya daɗe a gindin darbejiyar da ke bakin kasuwar Nasarawo, shi da kaskon gawayinsa da tsofaffin wuƙaƙen da yake turawa cikin wuta su yi ja. Bokiti ya tsage, buta ta huje, jarkar 'yan ga-ruwa ta fashe a gindi, duk wurinsa ake kawowa. Yakan ce shi bai taɓa ganin robar da ta mutu ba, sai dai mai ita ya yi arziki ya raina ta. Dattijo ne mai baki, in ka kawo masa ɗan ƙaramin aiki sai ka tashi da labarin rabin gari. Amma tun da abin nan ya sami jikarsa Hanifa, masu kawo aiki suka lura liƙewa kawai yake ya miƙo, babu ƙarin magana.

Uwar yarinyar, Barira, ita ce autarsa. Mijinta Nuruddeen ya rasu ya bar ta da yara biyu a ɗaki guda cikin wani gidan haya a Bagadaza, Hanifa da ƙanenta Amir. Da ta fita takaba ta koyi yin sabulun wanki, Allah kuma ya sa wa hannunta albarka, don masu wanki da guga har gida suke biyo shi. Sai dai sana'ar da macijinta take tafe. Sodar da ake haɗawa da man alayyadi sai an jiƙa ta a ruwa ta kwana ta huce, kuma ba a ajiye ta a ɗaki, tururinta shaƙe mutum yake. A tsakar gida take kwana. In ta kwanta ta yi garau, ko babba bai isa ya raba ta da ruwan randa da ido ba.

Ranar da abin ya faru, Barira ta buɗe bokitin sodar za ta fara aiki, aka yi sallama ana son sabulu, ta leƙa zaure. Hanifa ta shigo daga wasa da ƙishirwa, ga moɗa a gefe. Kurɓa ɗaya ta yi.

Ba ta mutu ba. Likitoci sun yi nasu, yarinya ta tashi, amma hanyar abincin da ta ƙone, da ta zo warkewa sai ta tsuke kamar bakin jakar da aka zuge. Tuwo ba ya wucewa, shinkafa ba ta wucewa. Madara ce da tataccen koko, su ma da cokali da lallashi. Yarinyar da a da kumatunta ke rawa in tana gudu ta koma daga ido sai wuya. Lokaci-lokaci sai an mayar da ita babban asibiti a sa ta barci, a zura wani abu a buɗa hanyar, ta ɗan sami sauƙi, can kuma ta sake tsukewa. Duk wannan hidimar daga sabulu take fitowa. Liƙin roba da ƙyar yake ciyar da mai shi, balle ya kai wani asibiti. Haka Barira ta dawo daga jinya, ta ɗaure hannuwanta da leda, ta koma kan sodar da ta ƙona mata 'ya, don ba ta da wata ƙofar.

Ana cikin haka Joda ya zo. Wan marigayi Nuruddeen ne, makiyayi daga wani ƙauye a wajen Dukku, dogo marar yawan magana, ba ya shigowa Gombe sai in ya kawo dabba kasuwa. Ya aika Kagarawal, unguwar da Sallau yake zaune, aka kira shi, suka zauna a zauren gidan hayar. Aka kawo wa baƙo ruwa a kofi. Ya karɓa, ya daɗe yana kallon cikinsa, ya ajiye a gefe bai sha ba. Sallau ya ga wannan, ya san inda zancen zai faɗi tun ba a fara ba.

Sai da Joda ya gama tambayar gida da jiki da damina da mutanen gari, sannan ya sunkuyar da kai.

"Baba, ni ban zo da rigima ba. Biyu ɗan'uwana ya bari. Ɗaya ga yadda Allah ya yi da ita. Ɗayan kuwa yanzu ƙafa ta yi ƙwari, komai ya gani sai ya kai baki. In shi ma ya sha abin nan, me zan ce na tsaya yi?"

Ya ce ɗayan biyu ne: ko Barira ta bar soda, ko ya tafi da Amir wurin matarsa Mairamu ya tashi cikin 'yan'uwansa, inda abin da ke cikin ƙwarya nono ne. Sallau ya tambaye shi, in ta bar sodar, wa zai riƙa kai Hanifa asibiti. Joda ya ce ya sayar da sa guda a kwanciyar Hanifa ta farko, shanun kuma ba duka ne nasa ba. Masara da man shanu zai iya aikowa, abin da ya fi haka ba zai yi alkawari ba. Gaskiya ya faɗa, Sallau ma ya sani. Da za a je gaban alƙali, wataƙila a bar wa uwa ɗanta, tunda ƙarami ne. To amma wace mace ce za ta kai wan mijinta ƙara, alhali hujjarsa tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsiyayar da yawu a tsumma?

Sallau ya ce ai ya sa wa bokitin kwaɗo tun bayan abin. Joda ya nemi ya gani. Aka ɗauko, sai ga kwaɗon ya yi fari fat, soda ta cinye shi, mabuɗin ya maƙale, ashe Barira da tsumma take ɗaure murfin. Joda ya juya shi a hannu ya ce ko sabo ne ma, kwaɗo sai an tuna da shi yake aiki, ran nan ma ai sallama kawai ta je amsawa.

Nan Sallau ya roƙi arziki. Ya ce a ba shi zuwa kaka, zai haɗa mazubin da ko an bar yaro da shi su biyu a tsakar gida, ba zai iya buɗewa ba. Joda bai yarda da zancen ba, kunyar furfura ce ta hana shi musu. Ya ce to, in an cire wake zai dawo, a sa yaron a gaban abin ya gani da idonsa.

Barira tana bayan bangon zaure, ta ji komai. Da uban ya shigo ya tarar tana yi wa Amir wanka, ba kuwa lokacin wanka ba ne. Ba ta ɗago ba ta ce, "Baba, za ka iya?"

"Auta, roba ce fa. Tun ba a haife ki ba nake tare da ita."

Ya faɗa ne kawai. Ko ta ina zai fara, bai sani ba.

A asibiti ya samo bakin zaren. Ya raka su ranar buɗa wa Hanifa wuya, aka ba su wani magani na ruwa a 'yar kwalba. Ya zo buɗewa, murfin ya yi ta juyawa yana ƙar-ƙar, ba ya fita. Ya sa bakin riga, ya sa haƙori. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Jacinta, 'yar Tangale mai yawan tsokana, ta tsaya tana kallonsa har ta ƙoshi, sannan ta ce, "Baba, kokawa kake da shi? Danna ƙasa tukuna, sannan ka murɗa." Ya danna ya murɗa, abu ya buɗe kamar ba shi ba. Ta ce don yara aka yi shi haka, amma tsofaffi ya fi kamawa.

Da maganin ya ƙare ya karɓi murfin ya kai gindin darbejiya, ya gasa wuƙa ya tsaga shi biyu. Ashe murfi biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Na cikin shi ne na gaske, na wajen yawo kawai yake a kansa, sai an danna haƙoransa suke kama na ƙasa. In rufewa ne kuwa, ko ba a danna ba suna kamawa. Sallau ya daɗe yana kallon abin a tafin hannunsa. Ran nan mai shayin da ke kusa da shi ya ji dariyarsa, wadda ya kwana biyu bai ji ba.

Ya samo ƙaramin duro mai shuɗi, tsayinsa gwiwar mutum, mai faɗin baki, irin wanda ake murɗa murfinsa. Ya kifa tsohuwar robar wanke-wanke a kan murfin ta zama na waje. Haƙoran ya yanko su daga gindin jarka, inda robar ta fi kauri, ya liƙa su ɗaya bayan ɗaya da jar wuƙa. Abin da ya ba shi wuya shi ne abin da zai riƙa ɗaga na wajen sama in an saki. Ƙarfe ba zai yi ba, soda za ta ci. Ya gwada robar taya, ta yi tauri. Daga ƙarshe silifa ce ta fitar da shi, ya yanka dunduniyar tsofaffin silifa ya jera a tsakani. In ta yi laushi, hannu ɗaya ma danna ta yake. In ta yi tauri, Barira ba ta iyawa, don soda ta farfasa mata tafin hannu, ko zani ta matse sai ta cije leɓe. Ya yi ta ragewa yana ƙarawa. Masu kawo buta suka fara wucewa wurin wani yaro mai liƙi a bakin tasha, don in ka zo wurin Sallau sai ya ce ka dawo gobe.

Da abin ya fara kama da abu, ya ɗora shi a acaɓa ya kai Bagadaza don ya gwada. Ya ajiye a tsakar gida, ya kira yaran gidan, su Mu'azzam ɗan maƙwabciyar Barira da sauran ƙanana, ya ce su buɗe. Suka juya murfin sau biyu, suka ji yana ƙara, suka yi dariya, suka watse wurin wasansu. Sallau ya ga wannan ba gwaji ba ne. Yaron da ƙishirwa ta koro ba haka zai yi ba, da gaske zai nema. Ya fita bakin titi ya sayo alawar madara, ya sake tara su, ya zuba a duron a gaban idonsu, ya murɗa murfin.

"Wanda ya buɗe, tasa ce duka."

Nan aka ga aiki. Suka ja, suka murɗa, suka buga, wani ya kawo dutse Sallau ya karɓe. Mu'azzam, wanda ya fi su wayo, ya yi ta leƙen ƙarƙashin robar har gumi ya karyo masa. Murfi sai ƙar-ƙar yake yana zagayawa. Amir ya rungumi duron da hannu biyu yana cizon gefensa. Babu wanda ya buɗe. Sallau yana zaune a kan turmi, zuciyarsa fari ƙal.

To amma da suka gaji suka jeru a gabansa, idanu duk a kansa, Amir kuma ya ɓare baki, sai ya kasa. Wane kaka ne zai nuna wa jikoki alawa ya tashi da ita? Ya juya musu baya yadda ba za su ga hannunsa ba, ya danna ya buɗe, ya raba musu. Hanifa tana zaune a ƙofar ɗaki da tsummanta. Ya je ya tsuguna ya ce, "Amarya, ke ba kya gasa, naki daban ne," ya riƙe mata guda tana lasa a hankali, don ba ta isa ta haɗiye ba.

Mai gidan, wata tsohuwa Nana Hauwa, tana kan tabarmarta tana tsinkar zogale, ta ce, "Sallau, kai dai ka nuna wa kura ƙofar mayanka."

Ya ce ƙofar ai a rufe take, kurar ta zo ta gwada.

Ba sau ɗaya ya yi haka ba. Duk lokacin da ya canja wani abu, ko ya ƙara haƙori ko ya sauya silifa, sai ya gwada, kuma kowane gwaji da alawarsa. Yaran suka raɗa wa abin suna duron Baba. Da sun hango shi ya sauka daga acaɓa sai su rugo. Ɗaukar duron kullum zuwa Nasarawo ya zama wahala, sai ya riƙa cire masa abin da zai gyara ya bar shi a bayan ɗakin Barira, wani lokaci har da ragowar alawar gwaji na gaba a ciki, tunda a rufe yake. Sau ɗaya ya zo ya ga kamar ta ragu. Ya ce ƙila shi ne bai lura da yawan da ya bari ba.

Wajen ƙarshen damina ya ce aiki ya kammala. Barira ta gwada, ta danna da hannu biyu ta murɗa, ya buɗe. Ta mayar ta juya kaɗan, ya kama. Ba mabuɗi, ba tsumma. Ta wanke shi ta fara jiƙa soda a ciki, yana kwana a tsakar gida. Ta ce wa uban rabonta da barci mai nauyi tun kafin abin Hanifa, sai yanzu. Matan unguwa masu yin sabulu suka fara zuwa kallo, wata ma ta ce ya haɗa mata irinsa. Sallau ya dawo da surutunsa a gindin darbejiya, har yana cewa da ya yi boko da yanzu a jirgi ake zuwa ɗaukarsa.

Joda ya dawo da aka cire wake, wata ranar kasuwa da hantsi. Bai zo shi kaɗai ba, da Mairamu ya zo, wai ta zo duba jikin Hanifa. Ta kawo ƙwaryar kindirmo da man shanu. Sallau ya kalli matar, ya kalli sabon zanin goyon da ta naɗe a ƙarƙashin hannu alhali ba ta da jariri. A ransa ya ce za ta koma da shi a naɗe.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Barira ta riga ta juye sodar ta wanke duron tas. Joda ya ce a cika shi da ruwan randa, yadda zai yi nauyin da yake yi in da soda a ciki. Aka cika. Ya tashi da kansa ya gwada murfin, ya juya ya juya bai buɗe ba, sai da Sallau ya nuna masa. Ya gyaɗa kai ya ce lallai an yi aiki. Sannan ya ce a kori sauran yaran waje, a kawo Amir.

Aka ajiye yaron a gaban duron. Ya kalli kakansa, ya kalli duron, fuskarsa ta washe.

Bai taɓa murfin da hannu ba. Ya juya ya tafi wajen murhu, ya jawo kujera 'yar tsuguno yana nishi, ya kawo ta gindin duron. Ya hau. Ya kwanta da cikinsa a kan murfin, ya saki nauyinsa duka, ya riƙe gefen robar. Sannan ya fara tura ƙasa da yatsun ƙafa, yana zagayawa kaɗan-kaɗan, ruwan da ke ciki ya riƙe masa duron bai motsa ba. Ba a ji ƙar-ƙar ba. Sallau ya ji haƙoran da ya liƙa da hannunsa sun kama, ya ji murfin ya saki.

Amir ya sauko ya ture murfin ya faɗi ƙasa. Ya yi ɗage, ya zura hannu cikin ruwan har kafaɗa yana lalube. Ya fito da hannun ba komai, ya duba, ya kai yatsun baki ya tsotsa. Ya juyo wurin kakansa.

"Baba, babu."

Barira tana tsaye a jikin bango. Ta sulale ta zauna a ƙasa. Ba yau take kallo ba, kwanakin da duron ya yi a wurin nan cike da soda take gani, tana ɗaki tana barcinta mai nauyi, ko tana zaure tana miƙa sabulu. Abin da ya hana yaron jawo kujerar a waɗancan ranaku, Allah kaɗai ya sani. Wataƙila don bai ga kakansa ya zo ba ne.

Hanifa ce ta yi magana daga ƙofar ɗaki, da 'yar muryarta da ba ta fita sosai. Ta ce Mu'azzam ne ya gano, tun tuni, in Baba ya tafi sukan buɗe su ɗauki ɗaya-ɗaya don kada a gane. Kowa a gidan ya iya. Sun ce in ta faɗa ba za su ƙara wasa da ita ba.

Sallau ya tashi ya ɗauki murfin yana juya shi. Ya fara magana da sauri, ya ce silifar ce ta yi laushi, zai sa mai tauri, zai ƙara wani maƙulli a gefe wanda sai an matsa da yatsa, a ba shi zuwa wata kasuwar kawai. Joda ya bar shi ya gama. Ya ce in an sa wadda ta fi nauyin yaron yau, gobe yaron zai fi ta, uwar kuma ga hannunta. Bai ɗaga murya ba.

"Kuma yanzu ba murfin ba ne, Baba. Da bai san akwai komai a ciki ba. Yanzu ya san akwai daɗi."

 Sallau ya duba wajen Nana Hauwa, tsohuwar ta kawar da kai, ko ita ba ta so ta yi gaskiya irin wannan ba.

Ba wanda ya ce wa Barira ta tashi. Ita da kanta ta dafa bango ta miƙe ta shiga ɗaki. Aka ji tana buɗe akwati. Ta fito da kayan yaron a ƙulle cikin ɗankwali, da takalminsa, da ɗan kofin da yake shan koko. Ta durƙusa a gaban Mairamu ta ajiye. Ta ce ba ya son a rufe masa kai in yana barci, kuma wake yana ɓata masa ciki. Mairamu ta ce to. Barira ta ƙara cewa in ya yi kuka a ce masa Umma ta je asibiti da Hanifa, ya saba da wannan. Mairamu ta ce to, idonta ya kawo ruwa. Joda ya ce ba raba su aka yi ba, ƙofa a buɗe take, duk ranar da ta bar soda shi da kansa zai dawo da shi. Duk wanda ke wurin ya san ranar da za ta bar soda ita ce ranar da Hanifa ba ta buƙatar asibiti, kuma likita bai taɓa cewa akwai irin wannan ranar a gaba ba, sai dai ta ɗaya hanyar da ba a faɗa, in rai ya yi halinsa.

Barira ba ta raka su ko zaure ba. Sallau ne ya bi su har bakin titi ya tsayar musu da keke. Amir yana bayan Mairamu a cikin sabon zanin, murna yake za a hau keke, yana ɗaga wa yaran unguwa hannu. Joda ya riƙe hannun Sallau da hannu biyu ya roƙe shi ya yafe masa. Sallau ya ce ba abin yafewa. Keken ya tashi, ya bi ta bayan wata motar itace, ya sha kwana.

Ya daɗe a tsaye a wurin. Ya yi niyyar wucewa Kagarawal, sai ƙafarsa ta mayar da shi gidan.

Ya tarar Barira ta zubar da ruwan randar, ta ɗebo wani. Ta ɗaure hannuwanta da leda, ta yanke bakin ƙullin soda. Ranar komawar Hanifa asibiti ta matso, sabulun da ke ƙasa kuma ba zai kai ba. Yaran gidan sun dawo, sun jeru daga nesa a gindin bango, su Mu'azzam a gaba, suna kallon duron, suna kallon aljihun Sallau. Nana Hauwa ta ce daga yau sai dai wani babba ya zauna a kansa har ya huce, in ba haka ba iyayen yaran nan ba za su yarda ba, ita ma ba za ta yarda ba. Sallau ya ce zai zauna. Ta tambaye shi aikinsa fa, ya ce zai zauna.

Ya jawo turmi kusa da duron. Ya ga wani tsinken kara a ƙasa ya ɗauka ya riƙe, yaran suka ja da baya, suna mamakin fuskarsa. Barira ta fara zuba sodar a ruwa tana juyawa da muciya, fuskarta a kauce. Ruwan ya yi zafi, ya fara hayaƙi.

"Baba, matsa baya kaɗan," in ji ta. "Tururin."

Ya ja turmin baya kaɗan ya zauna.